In Ka Tono Mutum-mutumi A Gonarka

A ƙasashen Ingila da Faransa da Italiya, sarakuna da attajiran dā sukan shirya lambu a ƙauye, ba don albasa ko tumatir ba, sai don sha'awa kurum. Sukan dasa furanni, su haƙa tafki, sa'an nan su kakkafa mutum-mutumi na dutse nan da can. Yau da yawa cikin lambunan nan a buɗe suke, mutane na biyan kuɗi su shiga, su yini suna ɗaukar hoto.

Mu nan ƙasar Batsari da Safana ba mu da wannan al'ada. Lambunmu na fadama ne, abin ci muke nema a ciki. Amma kada ka zaci ƙasar Katsina ba ta da mutum-mutumi. Namu suna binne a ƙarƙashin ƙasa, kuma ba mai tono su sai manomi, da mai haƙar rijiya, da mai ɗibar ƙasar gini. Watakila wata rana kai ne garmarka za ta ci karo da ɗaya. Saboda haka ya kamata ka san abin yi tun ranar ba ta zo ba.

Labarin kan da ya yi gadin doya

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu gasasshe kusa da ƙauyen Nok, wanda ke cikin Jihar Kaduna a yanzu. Aka ajiye shi, ba wanda ya kula ƙwarai. A 1943 kuma aka tono wani kan a wajen Jama'a. Wani akawu na wurin haƙar ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa don korar tsuntsaye. Daga baya aka kai kan nan Jos, wurin wani Bature ma'aikacin gwamnati, sunansa Bernard Fagg, wanda ya yi karatun binciken kayan dā. Da ya gwama shi da na 1928, sai ya ga aikin mutane iri ɗaya ne. Shi ne ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Masana sun auna, sun tarar waɗansu kawunan Nok sun haura shekara 2,500.

To, an sami masu kama da su a ƙasar Sakkwato da ƙasar Katsina. Na Katsina sau da yawa siffar mutum ce a zaune bisa wata tukunya, ya ɗora hannu a gwiwa. Amma ga abin baƙin ciki. Masu kwaɗayin kuɗi ne suka tono su a ɓoye, suka sayar wa dillalai, aka haura da su Turai da Amurka. Ba su ɗauki hoton ramin ba, ba su rubuta sunan gari ba. Har ta kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa. Yau mutum-mutumin na cikin akwatin gilashi a wata ƙasa, an rubuta "Katsina" a gindinsa, shi ke nan. Wane gari, wace gona, waɗanne mutane? Amsar ta tafi tare da ramin da aka cike.

Dubi kuwa Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani. Razdan Palmer ya fara tona kusheyin a 1907, zamanin Sarki Dikko. A 1992 masana suka sake tona waɗansu a hankali, suna aune, suna rubutawa, suna ɗaukar hoto. Da haka aka san na tsakanin ƙarni na 13 da na 16 ne, aka kuma san abin da ke tare da kowane mamaci, kamar warwaron hauren giwa, da 'yan kunne na zinariya, da tasoshin ƙarfe da suka zo daga nesa. Ka ga bambancin abin da aka tono da shaida da wanda aka tono da dare.

Don me wurin ya fi abin daraja?

Mutum-mutumi shi kaɗai kurma ne, abin da ke kewaye da shi ne ke magana. Gawayin da ke kusa da shi, da shi masana ke auna shekaru. Tsingaron tukwane na nuna irin mutanen da suka zauna wurin. Ƙwayar hatsi da ta ƙone na nuna abin da suke nomawa, da haka aka san mutanen Nok gero suke ci kamar mu. In ka ɗauke abin, ka watsar da ƙasar, ka yage takardar tun ba a karanta ba. Hoto shi ne ke riƙe wurin yadda yake. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Yadda za ka ɗauki hoton

Yau ba sai ka nemi mai hoto daga birni ba, wayar da ke aljihunka ta isa. Ga ƙa'idodi bakwai.

1. Kada ka ɗaga abin, kada ka wanke shi, kada ka kankare shi da wuƙa. Yumɓun da ya daɗe cikin danshi ba shi da ƙarfi. Dakatar da aiki a wurin tukuna.

2. Shafe gilashin idon kyamara da ƙyalle mai laushi. Maiƙon yatsa da ƙura su ne ke sa hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazo.

3. Zaɓi lokaci. Hoto aikin haske ne. Da tsakar rana haske na faɗowa daga bisa, sai ramin ya cika da inuwa baƙa, abin da ke fili kuwa ya yi fari fat. Da hantsi ko bayan la'asar haske na zuwa a karkace, sai kowane tsagi ya sami 'yar inuwarsa, zane ya fito sarai. Bar rana a bayan kafaɗarka, ta wajen gefe, ka lura kada inuwarka ta faɗa kan abin.

4. Ɗauki hoto uku. Na fari daga nesa, yadda za a ga alamar wurin, ko kuka, ko dutse, ko rafi. Na biyu daga bakin rami, a ga yadda abin ya kwanta da abin da ke kusa da shi. Na uku daga kusa ƙwarai.

5. Ajiye ma'auni a gefensa. In akwai rula ta 'yan makaranta, madalla. In babu, fankon ashana ma ya yi. Ba tare da ma'auni ba, mai duba hoto ba zai san ko kan nan ya kai tulu ko bai wuce ƙwan kaza ba.

6. Durƙusa, ka daidaita kyamara da abin. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi, sa'an nan ka danna. In kana son abu ya fito da girma, matsa kusa da ƙafarka. Jawo shi da yatsa a fuskar waya na rage kyan hoto.

7. Bi ƙananan abubuwa ɗaya ɗaya. Dubi ido, ko an huda shi, gama magina na Nok sukan huda ido da hanci da baki. Dubi kitso, da hula, da gemu, da duwatsun wuya, da tsagen fuska. A irin waɗannan ne masani ke gane aikin wace ƙasa ne.

In ka gama, rubuta kwanan wata, da sunan gari da na gona, da zurfin ramin. Kai ma yanzu ka iya rubutu, ga ranar amfaninsa.

Kafin ranar ta zo, koyi hannu da abin da ke gabanka. Ɗauki hoton zanen soro, da zankwaye, da tsohon rumbu, da ƙyauren da aka sassaƙa. In ka shiga birnin Katsina, gwada da hasumiyar Gobarau, sau ɗaya da tsakar rana, sau ɗaya da la'asar, ka gwama su ka gani. Amma kada ka ɗauki gidan mutum sai da izininsa. Kada kuma neman hoto ya kai ka dajin Rugu ko wani wuri mai hatsari. Rai ya fi hoto.

Wa za ka gaya wa?

Rufe abin da ganye da 'yar ƙasa kaɗan, ka tafi wurin mai unguwa ko dagaci. Su za su kai magana ga hakimi, watau Sarkin Ruma in a Batsari ne, ko Yariman Katsina in a Safana ne. Daga nan a sanar da gidan tarihi na Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar kwalejin da aka buɗe a 1922. Gidan na ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Dokarta ta hana ciniki da irin kayan nan, ta kuma hana fita da su waje, sai da izini. Kada ka watsa hoton ga kowa da kowa, gama in labari ya kai kunnen ɓarayi, da dare za su zo su birkice maka gona.

Wani zai ce maka, "Ai gunki ne, fasa shi." Wani kuma zai zo da kuɗi a hannu. Ba wanda ya ce ka bauta wa yumɓu, Allah ya kiyaye. Abin da ake so shi ne a san waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan, me suka ci, me suka ƙera, ina suka tafi. Kuɗin dillali ba za su kai ka kaka ba. Amma hoto ukun nan da 'yar takardarka, jikanka zai same su, ya karanta sunan garinku a ciki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.