Auna Ruwan Tanki Kafin Ayari Ya Bar Mandouri

'Yan uwa fatake, kogin Oti yana kusa da Mandouri, amma tun harin Sanloaga na 2021 da dokar ta-ɓaci da aka kafa a yankin Savanes a 2022, tsayawa a daji don shayar da shanu ya zama kasada. Ruwan da muka ɗauko a tanki, da shi za mu kai Dapaong.

Babban sa yakan sha lita 30 zuwa 40 a ranar bazara. Durom na lita 200 ke nan bai wuce shanu biyar ko shida ba. Saboda haka kada madugu ya tsaya ga "akwai ruwa, Alhaji" na yaron mota, ya hau ya gani da idonsa.

A tsayar da mota inda ƙasa ta daidaita, don a gangare ruwa yana taruwa gefe guda. A zura sanda mai tsaga, a duba inda ta jiƙe. Ban da sandar auna gas, shanu ba sa son ruwa mai warin mai. In durom na ƙarfe ne, a ƙwanƙwasa daga sama: inda amon ya dushe, nan ruwa ya tsaya.

Mu dai sau biyu muke aunawa, da dare da asuba. In ya ragu ba a shayar ba, yoyo ne, a liƙe shi a Dapaong kafin a kama hanyar Sokodé.