Waƙar "Malaika": Tarihinta da Dalilan Ɗorewarta

Gabatarwa

A cikin waƙoƙin soyayya na zamani da aka yi da harsunan Afirka, da wuya a sami wadda ta yi tafiya mai nisa kamar "Malaika". Da harshen Suwahili aka tsara ta, a Afirka ta Gabas, amma ga shi fiye da shekara 60 ke nan ana rera ta har a ƙasashen da ba a jin wannan harshe ko kaɗan. Nufinmu a nan shi ne mu bi sawun waƙar, sa'an nan mu duba abin da ke cikin ƙirar harshenta wanda ya sa ta zauna a bakin mutane. Za a ga cewa sauƙin da ya yaɗa ta shi ne kuma ya jefa sunan mai ita cikin gardama. Wannan kuwa magana ce da ta shafi duk mai aikin tattara adabin baka da mai shirya littattafan yaƙi da jahilci.

1. Asalin waƙar

Faifan da ya fara fito da sunan waƙar na Fadhili William ne, makaɗin jita ɗan ƙabilar Taita ta ƙasar Kenya, wanda aka haifa a 1938, ya rasu a 2001. Ya ɗauke ta a birnin Nairobi wajen 1960 tare da ƙungiyarsa mai suna Jambo Boys. Nairobi a lokacin matattara ce ta ma'aikata daga ƙabilu dabam-dabam, Suwahili ne kuwa harshen da ya haɗa su a kasuwa da wurin aiki. Saboda haka mawaƙin da ke son faifansa ya shiga kowace unguwa, da shi yake waƙa.

Sai dai ba kowa ne ya yarda Fadhili William ne ya ƙaga ta ba. Wani ɗan Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau, mai suna Adam Salim, ya ce shi ya tsara ta tun 1945 yana zaune a Nairobi, bayan an aurar da yarinyar da yake so ga wanda ya fi shi dukiya. A faɗarsa, waƙar ta yi shekaru tana yawo a wuraren kiɗa kafin ta shiga faifai. Ba a raba wannan gardama ba har yau, amma ga sha'anin haƙƙin mallaka sunan Fadhili William ne ya tsaya, domin shi ne a rubuce.

2. Yadda ta fita duniya

Wadda ta ƙetare teku da waƙar ita ce Miriam Makeba, mutuniyar Afirka ta Kudu, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta hana ta komawa gida tun 1960. Ita da Harry Belafonte, mawaƙin Amurka, sun halarci bukin ƴancin kan Kenya a watan Disamba na 1963. A 1965 suka fitar da faifai na haɗin gwiwa, "An Evening with Belafonte/Makeba", inda suka rera "Malaika" tare, faifan kuwa ya ci lambar Grammy a 1966. Daga 1968 Makeba ta koma Gini da zama, ta ci gaba da rera waƙar a tarurrukan Afirka da Turai, tana gabatar da ita a matsayin waƙar Tanzaniya. A 1981 ƙungiyar Boney M. ta ƙasar Jamus ta sake ta da kiɗan rawa, a 1991 kuma Angélique Kidjo ta ƙasar Benin ta sa ta cikin faifanta "Logozo". Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Suwahili yake harshen uwa gare shi.

3. Abin da waƙar ke faɗa

Saurayi ne ke magana da budurwa. Yana sonta, yana so ya aure ta, amma ba shi da abin hannu. Bai zargi iyayenta ba, bai zargi abokin hamayya ba, talaucinsa kawai yake kuka da shi. Ya kira ta mala'ika, ya kira ta ƴar tsuntsuwa, ya tsaya nan. Duk al'ummar da ta san nauyin sadaki da kayan aure ba ta bukatar a yi mata sharhin wannan hali. Baitocin gajeru ne, kowane yana buɗewa da kalma guda da ake maimaitawa, sa'an nan ya rufe da amshi iri ɗaya. Wanda ya ji ta sau biyu, a na uku zai iya kama amshin.

4. Ƙirar harshen

Dalili na farko na sauƙin waƙar yana cikin tsarin sautin Suwahili. Wasula biyar gare shi, kusan kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, ƙarfin murya kuma yana faɗawa kan gaɓa ta biyun ƙarshe ta kalma. Mafi muhimmanci, ba shi da karin sauti mai bambanta ma'ana, saɓanin yawancin ƴan uwansa harsunan Bantu. Baƙo yana iya bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya fito da abin da mai harshen zai gane. A Hausa al'amarin ya fi wuya: tsawon wasali da hawa da saukar murya suna raba kalmomi, ma'aunin waƙa kuma bisa nauyin gaɓa yake tafiya.

Na biyu shi ne sunan waƙar kansa. Daga Larabci ya fito, inda "malak" yake tilo, "mala'ika" jam'i. Hausa da Suwahili duka jam'in suka ara suka mai da shi tilo. Hausa ta riƙe hamza, ta ƙera sabon jam'i, "mala'iku". Suwahili ya yar da hamza, ya bar siga ɗaya ga tilo da jam'i, har yana kiran jariri da wannan suna. Ashe tun daga gaɓar tekun Indiya har ƙasar Hausa, duk inda Larabci ya bar sawu, kalmar farko ta waƙar ba baƙuwa ba ce.

Na uku ya shafi jinsi. Wakilin suna a Suwahili ba ya raba namiji da mace, don haka mawaƙiya tana iya ɗaukar waƙar ba tare da ta taɓa lafazinta ba. Wuri ɗaya ne asiri ke tonuwa: aikatau "kuoa" na namiji ne mai ɗaukar mata, mace kuwa "kuolewa" ake ce mata, watau a aure ta. Waƙar da sigar namiji take, ko a bakin Makeba, ko a bakin Kidjo. Mai jin Suwahili ya san mace ce ke ɗauke da muryar saurayi, baƙon harshe kuwa ba zai lura ba. Mai fassara ta zuwa Hausa ba shi da wannan mafaka, tilas tun jimlar farko ya zaɓi "ki" ko "ka".

Akwai kuma ƙananan ƙwayoyin ma'ana biyu da suka ɗauki nauyin baƙin cikin waƙar. Ɗaya ita ce "-nge-", wadda ake cusawa cikin aikatau don nuna abin da zai yiwu da hali ya samu, daidai da "da … da …" na Hausa. Ɗayar ita ce ɗafa-goshin "ki-" na ƙanƙantarwa, wanda ke mai da "ndege", tsuntsu, ya koma "kidege", aikin da "ɗan" da "ƴar" suke yi a Hausa.

5. Abin da aka rasa a hanya

In aka jera faya-fayan aka saurara, za a tarar ba su daidaita ba ga yawan baitoci, ko jerinsu, ko lafazin wasu kalmomi. Kowane mawaƙi daga kunne ya koya, wanda ya biyo shi kuma ya gaji abin da ya ji. Abin lura shi ne, ba rashin hanyar rubutu ne ya jawo haka ba. An daɗe ana rubuta Suwahili da ajami, a 1930 kuma aka kafa kwamitin daidaita shi da boko bisa karin harshen Zanzibar. Haruffa suna nan, ka'idoji suna nan. Abin da babu shi ne al'adar ɗaukar waƙar gari a matsayin abin da ya cancanci takarda, da suna, da kwanan wata. Da wani ya yi wannan ɗan aiki a Nairobi cikin shekarun 1940 ko 1950, da gardamar ba ta kai haka ba.

Kammalawa

Matsayin Suwahili ya ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Tanzaniya ta kafa masa majalisa ta ƙasa a 1967, tsarin mulkin Kenya na 2010 ya sa shi cikin harsunan hukuma, a 2021 kuma UNESCO ta keɓe masa ranar 7 ga Yuli ta kowace shekara. Hukumomi ne suka yi wannan, amma mutane da yawa a wajen Afirka ta Gabas daga wannan waƙa suka fara jin harshen.

Ga masu aiki a kan Hausa, shawara biyu muke bayarwa. Ta farko, duk waƙar da aka ɗauka, ta gargajiya ce ko ta zamani, a rubuta sunan wanda ya rera, da wanda aka ce ya ƙaga ta, da gari, da shekara, a kuma rubuta matanin yadda ya fito daga baki, da alamar tsawon wasali da karin sauti. Ta biyu, waƙar da jama'a suka riga suka haddace kayan aiki ce mai kyau a ajin manya, domin mai koyo yana gane a takarda abin da kunnensa ya sani. Amma kafin a buga ta, a nemi mai ita, a nemi izininsa, a sa sunansa a kai.