Koyon Sana'ar Aski a Hannun Maigida: Hanyar Samun Shaida da Izinin Aiki

Sana'ar aski tana daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni, yaro kan fara wanzanci ne da ɗaukar zabirar mahaifinsa ko maigidansa, yana kallo yana koyo, har a miƙa masa aska. A garuruwa da dama Sarkin Aska shi ne shugaban wanzamai. A yau kuma shagunan aski na zamani sun isa har ƙauyuka. Mun kawo wannan bayani domin iyaye, masu sana'a da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san yadda koyo a hannun maigida zai kai matashi ga shaidar da hukuma za ta amince da ita.

Dalilin sa ido a kan sana'ar

Mai aski yana aiki da ƙarfe mai kaifi a jikin ɗan Adam. Aska, reza ko bakin injin aski da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar cutar ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B zuwa ga na gaba. Ƙwayar wannan ciwon hanta tana iya rayuwa a kan ƙarfe har kwana 7 ko fiye, ko da jinin ya bushe. Saboda haka ne wasu ƙasashe ba su barin mutum ya yi aski don kuɗi sai da lasisi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, mai neman lasisi yana da zaɓi biyu kafin jarrabawa: awa 1,000 a makaranta, ko awa 3,200 cikin shekara biyu a ƙarƙashin ƙwararre.

A Najeriya babu hukuma guda ta ƙasa mai ba da lasisin aski. Abin da muke da shi matakai uku ne: yarjejeniyar koyo, shaidar kammalawa, da izinin buɗe shago.

Mataki na farko: yarjejeniyar koyo

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta yi tanadi a kan koyon sana'a. Wanda ya kai shekara 16 yana iya ƙulla yarjejeniya da kansa. Wanda ya haura 12 amma bai kai 16 ba, iyaye ko mai riƙonsa ne za su ƙulla masa da yardarsa. Wa'adin koyo ba zai wuce shekara 5 ba, kuma dole ne yarjejeniyar ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya tabbatar da ita. Amfanin rubutun a bayyane yake: ba za a riƙe yaro shekaru yana shara da aike ba tare da an koya masa komai ba, shi ma maigida ba zai yi asarar wahalarsa ba. Haka kuma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu har ƙarshen ƙaramar sakandare, don haka koyon sana'a ba hujja ba ce ta cire yaro daga makaranta.

Abin da ya wajaba a koya

Iya gyaran kai da gemu rabin sana'ar ne kawai. Wajibi ne maigida ya koya wa yaronsa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, wanke kayan aiki da sabulu kafin a tafasa su ko a sa musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke hannu, da zubar da tsohuwar reza inda yara ba za su kai ba. Ya kuma koya masa gane makero da ƙuraje masu yaɗuwa, ya san lokacin da zai tura mutum asibiti. Ga wanzamai masu yin kaciya da ƙaho, wannan nauyi ya fi girma. Muna tunatar da cewa kaciyar mata tana cutarwa, kuma dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin jama'a ta haramta ta.

Mataki na biyu: shaidar kammalawa

Idan an yaye yaro, ya kamata maigida ya ba shi takarda mai ɗauke da tsawon lokacin koyo, shugaban ƙungiyar masu sana'ar ya sa hannu. Har ila yau, Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda aka kafa a 1986, tana haɗa matasa da ƙwararrun masu sana'a, ciki har da masu aski, tana kuma ba da shaida a ƙarshen horo. Ana neman bayani a ofishinta na jiha.

Mataki na uku: izinin shago

Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da shaguna da rumfuna. A sakatariya ake neman izini, kuma a karɓi rasit na duk kuɗin da aka biya. Sai dai a lura: izinin shago ba shaidar ƙwarewa ba ce.

Muna kira ga kansiloli, dagatai da masu unguwanni su haɗa kai da sarakunan aska wajen rubuta sunayen masu koyo a yankunansu. Su kuma duba-gari, idan sun kai ziyara, su duba kayan aiki su yi wa masu koyo bayani, kada aikin ya tsaya ga karɓar kuɗin shiga kawai.