Me Ake Karantawa a Digirin Kimiyyar Kwamfuta? Tsokaci ga Ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, shagunan kwamfuta na Birnin Kudu da Gwaram kan cika da samari da 'yan mata, kuma kimiyyar kwamfuta na cikin kwasa-kwasan da suka fi yi wa rububi. Sai dai da za ka tambayi da yawansu, ko iyayen da suka sayar da buhun gero don biyan kuɗin fom, abin da ake koyarwa a wannan fanni, amsar ba za ta wuce buga takardu da gyaran waya da harkar intanet ba. Wannan fahimta ce ke sa ɗalibi ya shiga jami'a da murna, kafin ƙarshen zangon farko gwiwarsa ta yi sanyi, domin abin da ya tarar lissafi ne, da koyon tsara tunani daki-daki.

A yau ɗan kudancin Jigawa ba ya bukatar yin nisa don neman wannan ilimi. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Ɓaɓura da aka samar a 2021, ga kuma Jami'ar Bayero a Kano. Mai son difloma yana da cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure. Ƙofar shiga digirin kusan iri ɗaya ce: kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Ingilishi da lissafi da fizis, sannan a zauna wa waɗannan darussa a JAMB. Karatun akasari shekara huɗu ne.

A aji ɗaya, lissafi da fizis da ƙididdiga su ne suka mamaye jadawali, tare da gabatarwa kan kwamfuta da dabarun warware matsala. A aji biyu ake shiga rubuta manhaja gadan-gadan da harsuna irin su Python da Java da C++, a kuma koyi yadda aka gina cikin na'urar, wadda ba ta san komai ba sai 0 da 1. Aji uku ne ƙashin bayan karatun: tsara bayanai, rumbun adana su, manhajar da ke tafiyar da na'ura irin su Linux da Windows, sadarwa tsakanin kwamfutoci, da ƙirƙirarriyar basira. A wannan matakin ne kuma akasari ake fita koyon aiki na SIWES a wata ma'aikata. A ajin ƙarshe ɗalibi zai yi nazari mai zurfi kan algoridim, sannan ya gina wani aiki na kansa ya kare shi a gaban malamai.

Algoridim shi ne zuciyar fannin, kuma ma'anarsa jerin matakai bayyanannu da ake bi a kai ga sakamako. A ɗauka akwai rajistar manoma 1,000 na ƙaramar hukumar Gwaram da za a raba wa taki, ana neman suna ɗaya. Wanda ya fara daga shafin farko yana bi ɗaya bayan ɗaya zai iya duba sunaye 1,000 kafin ya dace. Amma idan an jera sunayen bisa tsarin abacada, sai a buɗe tsakiya, a ga ko sunan yana gaba ko yana baya, a ajiye rabin da ba ya ciki, a sake buɗe tsakiyar ragowar. Da haka dubawa 10 ta wadatar. Ko da sunayen sun kai miliyan ɗaya, dubawa 20 kacal ake bukata. Gano irin wannan hanya, da tabbatar da hujjar lissafi cewa ba za ta taɓa kuskure ba, shi ne aikin da ake horar da ɗalibi a kai.

Irin wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin cike hatimi mai gidaje mara, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida tara, misali, lambobi 1 zuwa 9 kan ba da 15 ta kowace fuska. Matakan da ya shimfiɗa algoridim ne cikakke, an yi shi da alƙalami da tawada.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS. A cikinsa fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da rassa kamar tsaron intanet, injiniyancin manhaja, kimiyyar sarrafa bayanai da fasahar sadarwa. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A ganina nan ne damar Jigawa take. Manomin garin Basirka yana bukatar sanin farashin riɗi kafin ya kai kaya kasuwar Sara. Asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu suna hulɗa da dubban katunan majinyata, aikin da rumbun bayanai ke sauƙaƙawa. Harshenmu ma yana jiran ma'aikata: Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma har yanzu manhajoji da yawa na tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ. Masana irin su Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero sun buɗe hanya wajen koya wa na'ura Hausa, kuma aikin ya fi ƙarfin mutum kaɗan.

Shiri kuwa tun daga sakandare yake farawa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke son wannan fanni ya riƙe lissafi da hannu biyu tun daga aji huɗu, ya kuma gyara Ingilishinsa, tunda da shi aka rubuta littattafan. Iyaye su sani cewa daga aji biyu na jami'a kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama dole, ko da ta hannu ce, domin rubuta manhaja ba ya koyuwa a takarda kaɗai, sai an gwada, ta ƙi aiki, an nemo kuskuren an gyara. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, musamman na Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu wadda ta yaye irin su Alhaji Aliko Ɗangote, da masu hali na Gwaram, za su iya samar da ɗakunan kwamfuta masu sola a makarantun yankin, tare da tallafa wa malaman lissafi. Idan aka yi haka, ɗaliban da za mu tura Dutse da Kafin Hausa za su isa can da sanin abin da suka je nema, su kuma dawo da manhajojin da manoma da asibitoci da makarantunmu za su yi aiki da su.