Abin da Hannu Ya Saba: Motsa Jiki ga Masu Gigin Tsufa

A gidajen kula da tsofaffi da dama na ƙasar Japan, akan tara mazauna gida a zaure, a zaunar da su bisa kujeru, sannan a kunna kiɗan motsa jiki na rediyo, al'adar da ta samo asali tun 1928. Sai ka ga tsohuwar da ta kasa tuna sunan ɗanta tana ɗaga hannuwa daidai da kiɗan. Shin me ya kawo haka?

Da farko dai, gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke fama da shi a 2021, akasarinsu kuwa da irin wanda likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wannan cuta takan fara da lalata sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, wato ma'ajin sababbin abubuwan da suka faru. Amma ayyukan da jiki ya saba da su, kamar tafi da rawa, wasu sassa dabam ne ke riƙe da su, waɗanda cutar ba ta cika taɓawa da wuri ba.

Wannan ƙofa ce ma'aikatan gidajen ke bi. Sukan shirya tafi, da miƙa gaɓoɓi, da jefa ƙwallo mai taushi daga hannu zuwa hannu. Yin abin cikin jama'a yana da hikima: wanda bai fahimci umarni ba yakan dubi na kusa da shi ya kwaikwaya, kaɗaici kuma ya ragu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka magani aka samo. A 2018 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 494 masu wannan ciwo da ke zaune a gidajensu. Motsa jiki ya ƙara musu ƙarfi, amma bai rage saurin lalacewar tunaninsu ba. Duk da haka, ƙarfin tashi daga kujera ba ƙaramar riba ba ce ga tsoho.

A ƙasar Hausa, galibi a gida ake riƙon tsofaffi. Saboda haka ɗalibin da kakarsa ta fara ruɗewa, kada ya bari a killace ta a ɗaki. A fito da ita tsakar gida, a ba ta faifai ta tsince shinkafa, jikoki su yi waƙa ta tafa musu.