Sassabin zamani: Mutanen da suka taimaka itatuwa suka dawo gonakin Cadawa da Agye

Duk wanda ya biyo kwalta daga Maraɗi ya nufi gabas, ya ratsa Cadawa, ya wuce Agye zuwa Gazawa a watan Maris, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne kore a tsakiyar rani. Gonaki sun bushe ƙamas, an kwashe kara, amma gawo ya cika da ganye, ga kalgo da sabara, ga aduwa da magarya jefi-jefi. Matashin da aka haifa bayan shekarar 2000 zai ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Iyayensa sun san ba haka ba ne. A farkon shekarun 1980 mutum kan tsaya a gonarsa ya hango garin gaba ba abin da ya tare masa gani, iska kuma ta riƙa binne shuka da rairayi har sai manomi ya maimaita shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

Mafi yawan waɗannan itatuwa ba dasa su aka yi ba. Daga kututture da saiwar da ke cikin ƙasa suka toho, manoma suka raine su. Dabarar ita ce ake kira sassabin zamani, ma'aikata kuma suna ce mata RNA a taƙaicen sunanta na Faransanci. Manomi ya zo sassabe, maimakon ya sare kowane toho ya tara ya cinna wuta, sai ya zaɓi masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kan kowane kututture, ya cire sauran, ya rage rassan ƙasa. Ana son gatari ko lauje mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Iyakar aikin ke nan.

Mutanen da suka ɗauki wannan dabara suka yi ta yawo da ita gari-gari kuwa, kowa da inda ya fito, kowa da abin da ya kawo shi.

Baturen da bishiyoyinsa suka yi ta mutuwa

Sunan da duniya ta fi sani shi ne Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya. Ya tashi a garin Myrtleford na jihar Victoria, kuma ya sha ba da labarin cewa tun yana yaro yake jin zafin ganin ana tuge dajin tsaunukan garinsu da katafila, maganin ƙwarin da ake fesa wa gonakin taba kuma yana kashe kifi a rafi. Ya karanci aikin gona, sannan a 1981 ya iso Nijar tare da matarsa Liz a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, wadda mutanen Maraɗi suka fi sani da asibitin kutare na Danja.

Aikin da aka ba shi dashen itatuwa ne, kuma bai yi nasara ba. A raini dashe a cikin leda, a loda a mota, a kai ƙauye, a dasa, sai rana da gara da awaki su gama da mafi yawansu. A 1983, yana kan hanyar ƙauye da lodin dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare yake ƙoƙarin sake tashi. Irinsa kuwa sun cika gonaki, saiwarsu na nan da rai, ta riga ta nutsa inda danshi yake.

Manoman da suka yarda suka gwada da farko ba su fi goma sha ba, kuma sun sha dariya. A lokacin, gonar manomin kirki ita ce wadda aka share tas. Barin toho a gona alamar lalaci ce, ga tsoron inuwa za ta hana hatsi yi, tsuntsaye kuma su samu wurin zama. Sai ga yunwar 1984. Ƙungiyar ta haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona a ƙauyuka kusan 100, aka raini itatuwa wajen 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, an sare kusan kashi biyu cikin uku. Ragowar kashi ɗayan shi ya yi wa dabarar talla: masu shi sun samu itacen girki da na gini, dabbobinsu sun samu abin ci, hatsinsu kuma bai ragu ba.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999, ya koma aiki da World Vision. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya yi suna a kan ramukan zai, wanda ya rasu a Disamban 2023.

Lambar ta dace da shi, amma ta sa labarin ya karkata. Rainon itace a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin baka na Damagaram yana cewa Sarki Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani a kan saran gawo tun a ƙarni na 19. Manomi ya daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. A kudancin Damagaram ma, manoma sun cika gonakinsu da gawo ba tare da wata ƙungiya ta tsaya a kansu ba.

'Yan ƙasa da suka riƙe aikin a Agye

A gundumar Agye, wadda Cadawa ke cikinta, Gazawa ma a cikinta take kafin a ba ta gundumarta a 2011, waɗanda suka fi ɗaukar nauyin aikin 'yan Nijar ne. Asusun bunƙasa aikin gona na duniya, FIDA, ya ɗauki nauyin ayyuka a jere a yankin tun shekarun 1990, ciki har da PPILDA da ya soma a 2005, wanda Chaibou Guéro ya shugabanta. Daga cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, akwai Abasse Tougiani, masanin itatuwa da ya daɗe yana aiki da manoman yankin. Akwai kuma Mahamane Larwanou, masanin gandun daji, wanda bincikensa ya taimaka wajen nuna girman abin da ya faru a gonakin Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya bambanta tsarin Agye shi ne ma'aikatan proje sun daina zuwa gari da amsa a aljihu. Suna neman manomin da ya riga ya gwada wani abu da kansa, a auna sakamakon tare da shi, sannan a ɗauke shi ya je ya koya wa wasu. Shi ya sa da yawa daga masu koyar da sassabin zamani a yau ba su taɓa zama a ajin koyon aikin gona ba. Gonarsu ce shaidarsu, kuma manomi ya fi saurin yarda da ɗan'uwansa da ya ga tsawon zangarniyarsa da ido.

Garin da ya fi fice shi ne Ɗan Saga. Matsalar da ta kusa kashe aikin a can ba fari ba ce, sata ce. Mutum ya raini itace shekara uku, dare ɗaya wani ya sare ya kai kasuwa, ko a daddatse rassan a zuba wa dabbobi. Sai mutanen garin suka kafa kwamitin sa ido da ke zagaya gonaki, da dokoki da tarar da kowa ya amince da su. Suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya. Daga baya suka buɗe kasuwar itace ta kansu. Wani nazari da Tougiani da Guéro da Rinaudo suka wallafa a 2009 ya ƙirga kwamitoci 53 da suka haɗa ƙauyuka 170 a yankin.

A nan ne ake ganin cewa ba buƙata ɗaya ta tara mutanen ba. Mace ta shiga kwamiti ne saboda ita ke tafiyar neman itacen girki, ita ta san lokacin da aka koma girki da kara da kashin shanu. Ita ce kuma ke tsinkar ganye da 'ya'yan itace na miya da na sayarwa. Makiyayi yana kallon 'ya'yan gawo da na kalgo, abincin dabbarsa a watannin da ciyawa ta ƙare, kuma ya fi son a shata doka yana wurin da a shata ta a bayan idonsa. Mai maganin gargajiya yana neman saiwa da sassaƙen da suka yi wuya. Maigida yana lissafin azara da gofar rumbu, da itacen da zai sayar idan hatsi ya ƙare kafin kaka. A matsalar abinci ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, gidajen da ke da itatuwa a gona sun samu abin sayarwa su sayi tiyar hatsi.

Masu ƙirga daga sama

Shekaru kusan ashirin aikin yana yaɗuwa, ba wanda ya san iyakarsa. Chris Reij, ɗan ƙasar Holan da ya soma aiki a Sahel tun 1978, shi ya dawo yankin a 2004 ya ga abin da bai zata ba. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wanda sana'arsa karanta hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam ce, ya gwada tsofaffin hotuna na 1975 da sababbi. Ƙiyasin da suka fitar shi ne ake ambata har yau: hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi da ya kai tan 500,000 a shekara. Ƙiyasi ne, kuma masana na jayayya a kan yawan ƙarin amfanin gonar, tun da ya danganta da irin itacen da irin ƙasar. Itatuwan dai ga su a tsaye.

Itacen na wa ne?

Akwai rukunin da aka fi mantawa da su a wannan labari, wato ma'aikatan gandun daji. Tun dokar Turawan Faransa ta 1935, da wadda ta biyo bayanta a 1974, itace na hukuma ne ko da a tsakiyar gonar mutum ya fito. Manomi na iya shan tara don ya sare reshen itacen da ke gonarsa. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Wasu sukan cire tohon tun yana ƙarami don su huta. Bayan taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984 zamanin Seyni Kountché, da sassaucin da aka samu a wasu yankuna, manoma suka fara jin cewa abin da suka raina nasu ne. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun matsa gaba kaɗan. Sai a ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassabin zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina. Shekara 37 ke nan bayan gwajin farko. Aikin da ya rage wa ƙungiyoyi shi ne kai dokar kunnen manomi da harshen da yake ji, domin wanda bai san haƙƙinsa ba har gobe gabansa na faɗuwa idan ya hango kaki.

Matsin da ke kan itatuwan bai ragu ba. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3.4, kuma gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya da jikoki ke rabawa. A yankin Cadawa da Agye, inda aya ta zama abin neman kuɗi, kowane taƙi na ƙasa yana da daraja, mai aron gona ko mai jingina kuwa ba shi da dalilin rainon itacen da ba zai ci moriyarsa ba. Birnin Maraɗi kullum yana buƙatar itacen girki. A Gidan Rumji, tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako saboda 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, su ma dole su hura wuta su yi rumfa.

Kuɗin waje ma ba tabbas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da wani ɓangare na tallafinsu, alhali Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 na ƙasar da ta lalace kafin 2030. Sassabin zamani ba ya cin kuɗin leda ko ban-ruwa, amma kwamitin sa ido yana buƙatar masu ƙafar zagaye. Waɗanda suka kafa na Ɗan Saga sun manyanta, kuma watannin da ake gyaran toho da tsaron gona su ne watannin da samarin garuruwan ke cin rani a Kano, Legas, Agadas ko Libiya.