Daga Mahuta zuwa Tokiyo: me ke cikin kwanon Japanawa?

Duk wanda ya tashi a Mahuta ya san matatar mai ta Kaduna, amma ba kowa ya san Japanawa ne suka gina ta ba. Kamfanin Chiyoda ne ya yi aikin, aka buɗe ta a 1980. Hannun mutanen Japan ya daɗe a maƙwabtanmu, ya kuma daɗe a tukunyarmu, domin farin magin nan Ajinomoto da ake barbaɗawa a miyar kuka daga can ya samo asali. Duk da haka, in ka ce za ka kai iyali Japan, abin da za ka fara ji shi ne: "To me za ku ci? Ba su ne masu cin ɗanyen kifi ba?" Tambayar tana kan hanya, sai dai ɗanyen kifin nan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Batun abinci tun a filin jirgi yake farawa. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Japan, sai an ya da zango a Adis Ababa, Doha ko Istanbul, kuma agogon Japan ya riga namu da awa takwas, don haka yara kan farka da yunwa a tsakar dare. Bahaushe kuwa ba ya tafiya ba guzuri. To a sani, Japan ta hana matafiyi shiga da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, in ba da takardar shaidar hukuma ba. Kilishi da dambun nama duk suna ciki. Akwai karnuka masu shinshina kaya, kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 3. Gara a cinye kilishin a Abuja.

Da na kai iyalina Japan, abin da ya fara ba su mamaki shi ne yawan kwanuka. An kawo wa kowa tire: ƙaramin kwanon farar shinkafa, kwanon romo mai ruwa-ruwa, yankin gasasshen kifi, 'yan ganyayyakin da aka jiƙa a gishiri, kowane da mazauninsa. Ƙaramar 'yarmu ta dubi shinkafar, ta dube ni, ta ce, "Baba, sun manta miyar." Ba su manta ba. Shinkafarsu gajeruwar ƙwaya ce mai danƙo, ana dafa ta ba mai ba gishiri, kuma danƙon ne ke sa a iya ɗaukarta da tsinke biyu. Ba a kwarara mata miya. Za ka ɗauki lomar kifi, ka bi da lomar shinkafa, ka kurɓi romo, a baki ake haɗa su. Mu mun saba tukunya ta haɗa mana komai, manja da attaruhu da albasa su narke su zama abu ɗaya, shi ya sa a ranar farko harshe ke cewa abincin salam yake.

Ɗanɗanon yana nan, a cikin romon yake, wanda suke kira dashi. Abu biyu ake yin sa da su. Na farko wani faffaɗan ganyen teku ne busasshe mai suna kombu. Na biyu kifi ne da aka dafa, aka banda da hayaƙi, aka busar har ya yi tauri, sannan a kankare shi siriri-siriri. Ana jiƙa ganyen a ruwa a ɗumama, a cire kafin ya tafasa, a zuba kankararren kifin na ɗan lokaci, a tace. Shi ke nan. A 1908 wani malamin kimiyya a Jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin gulutamet da ke cikin kombu shi ke ba romon wannan armashi, wanda ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba gishiri ba, ba ɗaci ba. A 1909 aka fara sayar da sinadarin da sunan Ajinomoto. Yau ana samar da shi ta hanyar tsima rake ko rogo. Wato abin da mai shayi ke tsunkulowa ya jefa a ƙwai a bakin titin Kaciya, ɗanɗanon romon Japanawa ne aka mai da gari.

Maiɗakina ce ta gano abu na biyu da ya yi kama da namu na gida. Da safe an kawo wani wake mai yauƙi da wari, natto, wanda baƙi da yawa ke toshe wa hanci. Ta shinshina ta ce, "Maigida, ai wannan daddawa ce ba a kirɓa ba." Gaskiyarta. Natto waken suya ne da aka dafa aka bari ya ruɓa a wuri mai ɗumi, kuma irin ƙwayar bakteriyar da ke yin aikin ita ce ke mai da kalwa daddawa. Bambancin, mu a miya muke sakawa, su a kan shinkafa suke ci. Ta cinye nata. Yara dai suka ce a kai kasuwa.

Sai ɗanyen kifin. Ba kowane kifi suke ci ɗanye ba. Na teku ne, kuma daga jirgin kamun kifi har zuwa wuƙar mai yanka ba ya rabuwa da sanyi. Manyan jiragen da ke kamo tuna a nesa sukan daskarar da shi a wajen digiri 60 ƙasa da sifili. A Tokiyo babbar kasuwar kifi ita ce Toyosu, wadda ta gaji Tsukiji a 2018, kuma tun da sassafe ake gwanjo. Haɗarin da aka sani shi ne wata tsutsa mai suna anisakis, mai murɗa ciki ba kaɗan ba. Ma'aikatar lafiyarsu ta ce daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili na awa 24 yana kashe ta, haka ma dafawa, amma gishiri da ruwan khal ba sa yi mata komai. Kifin kogi kuwa nasa tsutsotsin sun fi muni. Kada wani ya dawo gida ya gwada da tarwaɗar Kogin Kaduna.

Ga mai iyali, wurin da ya fi sauƙi shi ne gidan sushi mai bel, irin wanda aka fara buɗewa a yankin Osaka a 1958. Kuna zaune, faranti na wucewa ta gabanku, kowa ya ɗauki abin da ya yi masa. Sushi ɗin curin shinkafa ne mai ɗan tsami da aka ɗora wa wani abu, kuma ba dole ya zama ɗanye ba: akwai na ƙwai, na dafaffen jatan lande, na kokwamba. Babban ɗanmu ya lakaci koren wasabi da yawa don yana taƙamar cin yaji. Hawaye suka zubo masa, kafin a miƙo ruwa har ya wuce. Zafinsa hanci yake hawa ya tafi, ba ya zama a harshe. Ni a ganina ɗanyen tuna bai kai soyayyen karfasa ba, amma ba shi da ƙarni ko kaɗan, kuma wannan shi ne shaidar sabo ne.

Inda Musulmi zai buɗe ido shi ne abin da ba a gani. A mazhabar Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, don haka kifin ba matsala. Matsalar tana cikin kwalba. Masu girkinsu na yawan amfani da mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da giya ta kai kusan kashi 14 cikin 100 a cikinsa, da kuma barasar sake, a miyar gasa kifi da kaza, wani lokaci har a shinkafar sushi. Shi kansa shoyu, baƙin ruwan waken suya da alkama da ake tsimawa watanni, yakan fito da 'yar giya kaɗan, shi ya sa wasu kamfanoni ke yin wanda ke da shaidar halal. Sai taliyar ramen, wadda yara za su fi nunawa saboda ta yi kama da Indomie. Kamannin ba banza ba ne: Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro taliyar leda a Japan a 1958. Amma romon ramen na gidan abinci sau da yawa da ƙashin alade ake yi, musamman wanda ake kira tonkotsu, kuma ko an ce na kaza ne ana iya ɗora masa yankan alade. Maƙwabtanmu Kirista a Mahuta, waɗanda cocinsu bai hana ba, wannan ba zai dame su ba. Musulmi kuwa sai ya tambaya, kuma ma'aikatan sukan shiga ciki su duba su dawo da amsa. Akwai gidajen ramen na halal a unguwannin Asakusa da Shinjuku, akwai ɗakunan salla a filayen jirgin Narita da Haneda, ga babban masallacin Tokiyo Camii da aka sake ginawa a 2000, inda bayan Juma'a ba a rasa wanda zai yi maka kwatance.

Ladubban cin ba su da yawa. Ba a kafa tsinke a tsaye cikin shinkafa, domin mamaci ake yi wa haka. Zuƙar taliya da ƙara ba laifi ba ne. Sushi ana iya ci da hannu. Ba a barin kyautar kuɗi a kan tebur, in ka bari za a biyo ka da su. Wanda kuma ya kasa haƙuri da rashin yaji, ya duba 'yar kwalbar ja da ke kan tebur a gidajen taliya: garin barkono ne da riɗi da ɓawon lemu, kuma Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya.

Mai shirin kai iyali ya sa a rubuta masa da Japananci a 'yar takarda cewa ba ya cin alade, ba ya cin abin da aka dafa da giya, har da mirin. Ya ajiye ta a aljihun gaba, ya miƙa kafin a zauna.